Jirgin da Bai Ɗauki Hannu Ba

Ka ce ba za ka je ganin gyatumarka ba sai ka gama ɗakin da kake gina mata, da tayil da silin da komai, don kada ka je mata hannu rabbana. To gyara zama, ɗana, in ba ka wani misali. Ni kawunka ne, ba na iya ganin abu in yi shiru.

An yi wani makanike a Kaduna da ya shekara ashirin da wani abu yana kula da wani ƙaramin jirgin sama mai farfela biyu. Duk tsawon shekarun nan matuƙin jirgin mutum ɗaya ne, har suka zama kamar wa da ƙani. Bayan sun yi ritaya sai ciwon ido ya kama matuƙin, ganinsa ya yi ta ja da baya har ya zama ba ya gane mutum sai ta murya. Wata rana makaniken ya je gaishe shi, tsohon ya ce ba abin da yake kewa kamar jirgin nan, da zai sake shafa fikafikansa ko sau ɗaya ne da ya ji sanyi a ransa. Jirgin kuwa an daɗe da yanka shi an sayar da ƙarfen. Makaniken ya sa abin a zuciya. Ya yi ta cigiya har aka samo masa irin ɗan samfurin nan na roba da ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi masa fenti. Irin jirginsu ne sak, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Tsohon kaya ne, an daina yin irinsa, wannan kwalin kaɗai aka samu. Da a ce ya zauna ya haɗa shi yadda ya zo, da mako biyu ya ishe shi.

Amma da ya buɗe kwalin ya ga ɗakin matuƙi, sai ransa ya ɓaci. Kujera kamar an kife turmi, allon gaba a shafe, ko agogo ɗaya babu. Shi da ya san kowace kusa ta wurin nan, ya ga wannan ai cin fuska ne ga maigidansa. Aka ce masa akwai masu yin kayan ƙari daban, da wani abu mai kama da ƙaro da ake zubawa a mazubi ya daskare, rezin suke ce masa, har bel ɗin kujera da maɓallai duk suna fitowa. Ya aika ƙasar waje, ya jira wata uku. Kayan suka zo, kyau kam ba a magana, sai dai sun fi cikin jirgin faɗi, ɓari biyu na jikinsa suka ƙi haɗuwa. Dabarar ɗaya ce, a goge bangon ta ciki da samfefa har wuri ya samu. Ya goga ya gwada, ya goga ya gwada, yana ɗaga robar ga hasken taga, har ranar da ya hango inuwar yatsansa ta cikinta kamar ta ɓawon albasa. Hannunsa na makanike ya gaya masa an wuce gona da iri, amma tunda ɓarin sun haɗu sai ya yi kunnen uwar shegu. Ya zana agogunan da bakin allura ɗaya bayan ɗaya, ya manna gilashin sama. Tagar jirgin ba ta fi farce girma ba, shi kansa sai ya sa tabarau ya haska tocila yake ganin abin da ya yi a ciki. Mako biyu ya zama wata bakwai, kuma duk lokacin nan bai leƙa tsohon ba, wai yana so ya ba shi mamaki.

Ranar da ya kai, tsohon yana zaune a zaure. Ya karɓa da hannu biyu, ya shiga dubawa yadda mai larurar ido ke dubawa, da yatsu. Ya shafa fiffike, ya bi wutsiya, ya juya farfela, fuskarsa ta cika da fara'a. Sannan ya kama jikin jirgin daidai ɗakin matuƙi, ya ɗan matsa da babban yatsa, ya ce, "Nan nake zama." Sai aka ji ƙas. Yatsan ya burma, kujerar rezin ta ɓalle ta faɗa can ciki tana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani. Tsohon ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya, ya ce, "Yafe mini, na ɓata maka aiki." Makaniken ya yi ta rantsuwa ba laifinsa ba ne, ya koma ya toshe ramin ya sake fenti, amma tsohon bai ƙara yarda ya taɓa jirgin ba, tsoro yake kada ya sake ɓarna. Ba ramin ne ya fi ƙona wa makaniken rai ba, ban haƙurin nan ne, daga bakin mutumin da ba abin da ya roƙa sai abin da zai riƙe.

Ni ban ce makaniken nan ba ya ƙaunar maigidansa ba. Yana ƙaunarsa ƙwarai, sai dai ya yi wa idon kansa aiki, ya manta da hannun da zai karɓa. Gyatumarka gwiwa ke damunta, santsin tayil tsoro ma zai ba ta, kuma muryarka ta ce tana so ta ji. Ka kama hanya ran Juma'a, ɗakin ya jira. Irin wannan ne Hausawa suka gani suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.