Duwatsun Rafi a Ƙarƙashin Siminti

Ka ce zuciyarka ba ta kwanta da mutumin nan ba. To, gyara zama ka ji wannan kafin ka aikata abin da kake shirin aikatawa.

An yi wani ɗan kasuwar hatsi, irin mutanen nan da ko gaisuwa ka miƙa musu sai sun juya ta sun duba bayanta. Ba duka laifinsa ba ne. A cikin buhuna ya yi furfura, ya sha ganin gero tsaf a baki, ƙaiƙayi da yashi a gindi, har ya riƙe a ransa cewa duk abin da aka rufe, ha'inci aka rufe. Abu ɗaya ne bai taɓa zargi ba a duniya: wasu 'yan duwatsu da ya tsinto da hannunsa a rafin ƙauyensu, inda mahaifiyarsa take yi masa wanka yana ƙarami. Ga jajaye, ga farare, ga masu ruwan zuma, wannan ya yi tudu wancan ya lotsa, babu biyu da suka zo daidai. Ya kwaso su ne dab da za a datse ruwa a yi dam. Yanzu rafin da ƙauyen duk suna ƙarƙashin dam, ko me za ka bayar ba ka ƙara samun ko ɗaya. Da Allah ya hore masa gida, sai ya ce a jera masa su a daɓen banɗaki, don kullum da asuba ƙafarsa ta taka garinsu.

Aka kira mai sa tayil. Yana aiki, Alhajin naka yana tsaye bakin ƙofa kamar an dasa shi, ba ya ko ƙifta ido. Can sai ya lura mutumin yakan ɗauki dutse, ya shafa shi da yatsa, ya jefa a wani gwangwani gefe guda. Bai tambaya ba. Mai zargi ai ba ya tambaya, tara abu yake yi a ciki. Ya haɗiye, ya tafi da shi kasuwa yana tauna.

Shi kuwa dutsen da bai daidaita ba, ba a cike tsakaninsa layi-layi kamar tayil mai santsi. Kwaɓa siminti ake yi a shafe daɓen gaba ɗaya, a danna shi ya shiga kowane lungu, a bari ya ɗan sha iska, sannan a bi da jiƙaƙƙen soso ana gogewa har kan kowane dutse ya fito. Tsakanin ya sha iska da ya daskare ba nisa. A daidai wannan tsakanin Alhaji ya dawo. Ya leƙa, bai ga ja ba, bai ga fari ba, sai toka-toka daga bango zuwa bango, ga mai aiki a tsugune yana matse soso a bokiti. Ashe! Nan take lissafin ya haɗu a kansa: an tsince masu kyau a gwangwani, an cusa tsakuwar titi, an lulluɓe. Irin buhun da ya sani ne, sai dai wannan karon a gidansa aka ɗinke shi.

Ya jawo mutumin waje, ya ƙwace gwangwanin, ya garƙama wa ƙofar kwaɗo.

"Alhaji, don Allah bari in goge tukuna, siminti ba ya jira."

"Ba mai taɓa shi sai mai unguwa ya gani da idonsa."

Haka ake yi a kasuwarsu: buhun da ake jayayya a kansa ba a kwance shi sai gaban sarkin kasuwa, kuma gero ko zai kwana nawa yana nan yana jira. Mai aiki ya yi magiya, ya rantse, har ya riƙe masa hannun riga. Duk rantsuwar da ya ƙara, Alhaji sai ya ƙara tabbata, don a ganinsa mai gaskiya ba ya rawar jiki haka. Mai unguwa kuwa ya tafi ta'aziyya wani gari, sai washegari ya samu zuwa.

Aka buɗe ƙofa, daɓe ya zama dutse guda. Aka juye gwangwani gaban jama'a, sai ga 'yan duwatsu masu kaifin baki, waɗanda da an sa su da sun tsaga wa mai gida tafin ƙafa. Aka sa guduma aka ɓantare kusurwa, sai ga jan dutsen rafinsu a ƙasa, ya rabe biyu. Nasa ne, duk nasa ne, ba a canja ko ɗaya ba. An goga da burushin ƙarfe, an kankare da wuƙa, ina! Simintin ya shige duk ramukan fuskar dutsen ya kama, in ka matsa masa sai ya taso da dutsen a farfashe. Wallahi na tausaya wa Alhaji. Ya tsuguna a wurin ya shafa daɓen da tafin hannu, ya daɗe bai ɗago ba.

Har yau a kan wannan tokar yake wanka, garinsu yana ƙarƙashin ƙafarsa ba ya ganinsa. Abin da ya rage masa da launinsa shi ne 'yan masu kaifin nan da ya zargi bawan Allah da sacewa, suna cikin gwangwaninsu a kan taga.

Shi ya sa Bahaushe ya ce: garin neman gira, a rasa ido.