Ƙaton Gwanjo na Zaitawa

Cikin dare wata ƙara ta taso daga soro, kamar ɓeraye suna gurgurar ƙarfe. Hajiya Kaltume ta kasa ko motsi.

A soron ne ɗanta Modu ya tsayar da ƙaton mutum-mutumin da ya haɗa da takalman gwanjon kasuwar Wambai da agogunan jabu da matattun wayoyi, baki buɗe, hannu miƙe. Ya ce shaguɓe ne ga masu saye ba ƙoshi, jibi za a kai shi baje koli Legas. Mutanen layi kuwa suka ce gunki ne. Maƙwabcinsu Malam Sabi'u har ya rantse sai an cinna masa wuta.

Modu na ta barcinsa, ita tana jiran ƙaurin hayaƙi, har aka kira asuba.

Da gari ya waye, ƙarafan da suka riƙe ƙaton kawai suka tarar. Modu ya durƙushe ya dafe kai. Maƙwabta suka cika ƙofa suna jaje, kowa da agogo a hannu.

Malam Sabi'u ya matso, ya rage murya.

"Hajiya, sai haƙuri. Wai ƙafar hagun jan takalmin nan, a hannun wa take?"