Wadda Ba Ta Tace Ruwa Ba

"Wace ce a cikin matan gidan nan ba ta tace ruwanta ba?"

Daga bayan danga Aina'u ta ji tambayar. Muryar Ikrima ce, wakilin ɗan kwangila, yana tsaye a zaure a kan surukinta, Mai Unguwa Nababa. Ta jingine taɓarya a jikin turmi, ta kasa kunne.

Famfon sola da ke ƙofar gidansu, tun ranar da aka yanka masa ƙyalle bai sake ɗigo da ruwa ba. Tanki yana can sama fayau. Mijinta Yahya shi ne mai gadinsa, kuma ɗan kwangilar ne ya samo masa aikin. Mutanen ƙauye kuwa kududdufi suke sha, yara na ta fama da ciwon ciki.

Ana nan sai aka aiko daga Zakirai cewa baƙi na tafe. Ma'aikatan majalisar dokoki ne da ake koya wa bin diddigin ayyukan gwamnati. Sun gama na cikin aji, saura na gani da ido, kuma famfon nan aka zaɓar musu, domin a can birni an san yana aiki. Ikrima ya riga su zuwa. Ya ce a cika tanki ko ta halin ƙaƙa. Idan wani ya yi suɓul da baka, Yahya ya bar aiki, Mai Unguwa kuma ya san rawani ba a kansa aka halicce shi ba.

Maza suka yi ta jigilar ruwan kududdufi a amalanke, mata na tacewa da farin ƙyalle a tsakar gida, suna jefa alif don laka ta kwanta. Mai Unguwa ya fi kowa zafi, har zagi sai da ya yi. Da hantsin ranar zuwan baƙin, da tsufansa da komai, shi ya hau tsani, butarsa da ba ya rabuwa da ita tana rataye a hannu. Ya buɗe murfin tanki, ya daɗe yana leƙe, ya sauko ya ce ruwa ya yi.

Baƙin suka iso a farar bas. Ba wanda ya shimfiɗa musu tabarma. Aina'u na kallo ta hujin danga.

"Baba, famfon nan yana kawo ruwa kullum?" in ji wani saurayi a cikinsu, Kamaruddeen.

"Kai ka kafa mana shi da za ka tuhume mu?" Mai Unguwa ya mayar masa.

Malamarsu, Hajiya Maijidda, ta gyara zaman gilashinta. "Me na koya muku? Abin da hannu zai iya taɓawa ba a tambayarsa."

Kamaruddeen ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo garau. Suka dubi juna suka gyaɗa kai. Ikrima ya saki fuska. Har sun juya za su shiga mota, Mai Unguwa ya daka musu tsawa.

"Haka ake yi a garinku? Ku zo ku yi mana kallon maƙaryata, ku tafi ko ruwanmu ba ku kurɓa ba? Ko ƙyama ce? A miƙo min farin kwano."

Ikrima ya ja shi da riga, Mai Unguwa ya fizge. Ya bar ruwa ya yi ta kwarara, sannan ya tara, ya miƙa wa Hajiya yana huci.

Ba ta kai baki ba. Ta ƙura wa kwanon ido, ta yafito ɗalibanta. Wasu baƙaƙen abubuwa ne masu wutsiya suke iyo a ciki.

"Ku faɗa min," ta ce, "rijiya mai zurfin nan, a rufe ruf, ta ina kwaɗo ya shiga ya yi ƙwai?"

Daga nan aiki ya koma sabo. Suka hau sama, suka bi waya, suka tarar ko ina ba ta haɗu ba. Suka buɗe bakin rijiya, babu inji. Da za su tafi, Hajiya ta ce maganar za ta kai gaban kwamiti, kuma injiniyoyi za su biyo baya.

Shi ne yanzu Ikrima yake neman suna, ya kai wa maigidansa.

Matan gida ba su sha wahalar samo wadda za su ɗora wa laifin ba. Aina'u ce sabuwa, ba ta iya musu ba, kuma tulunanta aka ɗauka a ƙarshe. Ita kuwa ta san sau biyu ta tace kowanne. Yahya ya shigo idonsa ja wur.

"Ki haɗa kayanki. Gobe gidanku."

Mai Unguwa ya faɗo tsakar gida, Ikrima na leƙe ta ƙofar zaure.

"Ba inda za ta," ya ce. "Kora ai hutu ne. A nan za ta zauna, a idona, har ta koyi aiki, shashasha. Ungo, wanke min butar nan ki zubo ruwan alwala, in kin iya wannan."

Ikrima ya yi tsaki ya tafi. Aina'u ta karɓi buta da hannu biyu, ta zagaya bayan rumbu. Ta ɗan jima kafin ta fito.

Ta kawo masa ruwan ta durƙusa. Bai dube ta ba, ita ma ba ta ɗago ba. Ta riga ta yanke a ranta cewa ko Yahya ba zai taɓa jin abin da ta zubar daga butar a bayan rumbu ba: guntun ruwan kududdufi kore shar, da ɗan kwaɗo guda da ya rage yana karkaɗa wutsiya.