Mai Tausa a Gidan Wanka na Budapest

Shekara talatin da biyar rabon Vilmos Kardos da Budapest, amma ƙafarsa ba ta manta hanya ba. Ita ta kai shi gaban dogon ginin 'yan sandan ciki, ba da sonsa ba. Ya tsaya yana duban ƙananan tagogin nan da ke daf da ƙasa. Shekara huɗu ya yi a ɗakunan ƙarƙashin ginin, kuma har a Caracas, inda ya gudu a 1956, ihun wurin bai bar kunnensa ba.

Ƙanwarsa Ilonka ce ta matsa masa da safe. "Yaya, je gidan wanka ka gasa gwiwar nan a ruwan zafi. Wa zai gane ka? Duk sun mutu."

Gidan wankan na nan yadda ya bar shi, da warin farar wuta da tururi mai rufe fuska. Tsofaffi na zaune cikin ruwa har wuya suna dara. Vilmos ya raɓe a lungu. Da jikinsa ya saki, ya shiga ɗakin tausa.

Mai tausar wani ƙaton tsoho ne, Benedek, yatsunsa a karkace kamar saiwa.

"Kwanta rub da ciki, yallaɓai. Baƙo ne?"

"Ɗan gari ne. Na daɗe a waje."

Hannun Benedek ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. "Da ka tsere ka huta. Ni ginin 'yan sandan ciki na sha, wata bakwai. Can aka gyara mini yatsu."

"Ni ma na san ƙasan ginin," in ji Vilmos a hankali.

"Ashe ɗan gida ne! Ƙara faɗi in ji."

Vilmos ya ji an tura ƙofa, ya ji sakata ta shiga. Ya yunƙura zai tashi, wani nauyi ya danne masa baya. Yatsun suka hau kafaɗarsa, suka zarce wuya, suka zauna.

Benedek ya sunkuyo dab da kunnensa.

"Idona a ɗaure yake, ban taɓa ganin fuskarka ba. Amma muryar da ta yi wata bakwai tana tambayata sunayen abokaina, ko a kabari zan gane ta, Kyaftin."