Matan Ranar Laraba

Kofin shayin ne ya fara samun Zalika a kunne, sannan hannun Harouna ya biyo baya.

Da ƙarfe bakwai na safe mijin nata ya dawo daga filin jirgin sama na JFK, inda yake jiran fasinja da motar haya, ya tarar da jakarta a buɗe kan kujera. Ya zazzage ta a tsakar falo. Kwaroron roba fakiti-fakiti, kwalbar ƙwayar riga-kafin ƙanjamau, da maganin nan da ake fesawa a hancin wanda ƙwaya ta kayar.

"Sau nawa zan ce ki daina zuwa wurin nan? Har nuna ni ake yi a bakin masallaci."

Ya damƙi wuyanta ya haɗa ta da firij, ya matse har idonta ya fara ganin duhu-duhu. Da ya sake ta, ya bi ta da ƙafa a haƙarƙari sau biyu, sannan ya shige ɗaki ya banko ƙofa.

Ta daɗe a ƙasa tana neman numfashi. Daga nan ta tsince kayan ɗaya bayan ɗaya, ta naɗa mayafi har haɓa, ta sa baƙin tabarau. Yau Laraba. Idan ba ta je ba za a nemi dalili, kuma sai an rubuta shi.

Ginin yana kusa da titin 125. Nan ne matan da kotu ta saka bisa sharaɗi suke zuwa sa hannu a gaban jami'an da ke sa musu ido. A hawa na uku akwai wani ɗaki da wata makarantar jami'a ta ara don bincike kan yadda mata masu fama da ƙwaya za su kare kansu daga ƙanjamau. Mai gadin ƙofa ya gyaɗa wa Zalika kai, ko jakarta bai buɗe ba. Shekara uku ke nan yana ganin fuskarta.

Kujeru tara ne a zagaye. Dokar ɗakin guda ce: sunan yanka kawai, ba lamba, ba muƙami. Zalika ta zauna inda ta saba, kusa da Akosua, 'yar Zangon Kumasi, wadda ta yi wata goma sha huɗu a gidan yari saboda hodar iblis. Saura kwana goma sha biyu kotu ta ɗauke mata ido, ta karɓo 'yarta daga hannun hukuma.

Ladi, mai jagorantar zaman, ta karanta tambayar ranar: "A cikin kwana casa'in da suka wuce, wani ya taɓa shaƙe ki don kin nemi kare kanki?"

Leɓen Zalika ya riga Ladi kaiwa ƙarshen jimlar. Mata huɗu suka ɗaga hannu. Nata yana kan cinya.

Akosua ta sunkuyo ta kalli inda mayafin ya zame. Shatin yatsu huɗu, ja yana komawa baƙi.

"'Yar'uwa, wa ya yi wannan?" ta raɗa mata da Hausa.

"Ƙofar kabad ce."

"Kabad ɗin nan yatsu gare shi."

Da azahar suka sauko tare. Baƙar motar Harouna tana bakin hanya, injin bai mutu ba. Kafin Zalika ta juya ya fizgo ta da mayafi, ya buga fuskarta da murfin mota. Tabarau ya tarwatse. Jini ya ɓalle daga hancinta, jaka ta faɗi, kayan ciki suka watse har kan kwalta. Ya sake ɗaga kanta zai buga.

Matan suka daskare a kan matakala. Kowacce a cikinsu ta san abin da hannu ɗaya a jikin mutum zai jawo mata: sharaɗi ya karye, sai komawa ciki.

Akosua ta zare sandar ƙarfen lemar wani mai sayar da turare. Bugun farko ya sauka a gwiwar hannun Harouna, aka ji ƙas. Na biyu a muƙamuƙi. Ya zube yana tofar da jini da haƙori, ita kuwa ta tsaya a kansa tana huci, ba ta gudu ba.

'Yan sanda biyu suka iso. Ɗaya ya murɗe hannun Akosua baya ya sa ankwa. Harouna yana kwance yana nishi, yana cewa shi direba ne mai neman halalinsa, 'yan ƙwaya ne suka far masa.

Shekara shida Zalika tana shan duka, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta warware mayafin gaba ɗaya, ta ɗaga haɓa yadda kowa zai ga wuyan.

"Mijina ne. Shi ya yi wannan da safe, shi ya yi wannan yanzu. Da ba don ita ba da ya kashe ni. Ka rubuta, zan maimaita a gaban alƙali."

Ɗan sandan ya dubi kayan da ke warwatse a ƙasa, ya dubi allon ginin, ya dubi fuskarta. Ya buɗe littafinsa ba tare da wani ɗoki ba.

"Ke ma sai mun sanar da naki jami'in. Wa ke sa miki ido a ciki?"

Akosua ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na bin kumatunta, ankwa a hannu.

"Ita? Dakta Zalika ce, ita ce shugabar binciken, ita ta rubuta duk tambayoyin da ake yi mana."