Tumatirin Gidan Obiora

Tijjani na tsugune yana ɗaure reshen tumatir da nauyin 'ya'ya ya karya wa ƙugu, sai ga matarsa Larai ta shigo lambun da gudu, ko mayafi babu.

"Baban Hafsatu, mai gidan ya dawo! Obiora! Har da soja."

Igiyar ta suɓuce masa. Tun da rikici ya kori maƙwabcinsu Obiora zuwa Gabas suke zaune a gidansa na Unguwar Kanawa, ba da izinin kowa ba. Yanzu yaƙin basasa ya ƙare. Ga yara, kuma ba su da inda za su.

"Je ki fara haɗa kaya," ya ce a hankali.

Obiora ya shigo a rame, sojan na biye da shi. Bai amsa gaisuwa ba, bai kalli ɗakunan ba. Lambun ya nufa kai tsaye.

"Wa ya shuka wannan?"

"Ni ne, maigida. Na tarar da shi yana bushewa, na yi ta ba shi ruwa. Duk shekara ina ajiye irinsa. Ka yi haƙuri, yau za mu tashi."

Obiora ya durƙusa, ya murza ganye ɗaya ya sunsuna. Sannan ya ɗago kai ya dubi Tijjani.

"Matata ce ta kawo irin nan daga garinsu. Ta rasu a yaƙin, ko hotonta ban tsira da shi ba. Ku zauna abinku, Tijjani. Iri kawai za ka ba ni."