Gwaggo Hajaratu a Cikin Waya

Murhun gawayi ɗaya. Buta biyu. Kofunan gilas ashirin a cikin bokiti. Kwalaben citta da kirfa da na'ana'a. Ƙananan kujeru shida, an ɗaure su da igiya. Kayan da suka ɗauko ke nan, kuma mota ta riga ta hau gada, ta nufi Omdurman da tsakar rana.

Gwaggo Hajaratu tana gefen taga, ta ja mayafinta har goshi. Shekara goma sha ɗaya tana sayar da shayi a gindin wata darbejiya kusa da tashar motoci a Khartum. Yau ta kwashe kayanta. Kusa da ita ɗan ƙanenta ne, Abdulmun'im, wanda ta raina tun yana ɗan shekara huɗu. Bokitin yana kan cinyarsa.

Kogi yake kallo. Ko a yau ɗin ma, abin da ya fara zo masa a rai shi ne yadda zai sa ruwa ya yi irin wannan ƙyalli a kwamfuta.

Abdulmun'im ɗalibin jami'a ne, yana koyon ƙera wasannin bidiyo. Aikinsa na shekarar ƙarshe gonar auduga ce ta yankin Jazira, inda Gwaggo ta yi ƙuruciya, shi kuwa bai taɓa zuwa ba. Daga labaranta ya gina ta. Magudanar ruwa doguwa, auduga fara fat har iyakar gani, balbelu suna sauka a hankali, da wata rana wadda ba ta faɗuwa sai ya ce ta faɗi. Wani lokaci yakan bar aikin ya yi ta yawo a cikin gonar, ba abin da yake nema.

Sai dai gonar ba kowa a cikinta.

Wata Juma'a da hantsi ya zo gida daga masaukin ɗalibai. Ya tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tankaɗe, kanta ba ɗankwali, furfura a waje. Tana rera waƙar tsinkar auduga da Hausa, tana ɗan rausayawa. Ba mai ganin ta a haka sai ɗan gida. Ya ɗaga waya daga bayan ƙyaure ya ɗauka. Bai tambaye ta ba, don ya san abin da za ta ce.

Cikin mako uku ya shigar da siffarta gonar: fuskarta, furfurarta, muryarta, har ɗingishin ƙafarta ta hagu. Ya sa maɓalli guda. In ka danna, sai ta ajiye buhun auduga ta fara waƙa tana rausayawa.

Malamarsu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Matar nan ta yarda?"

Ya ce, "Gwaggota ce."

Malama ta ɗauka amsa ce.

Ya ba abokansa uku su gwada a wayoyinsu. Su ma suna da abokai.

Ba a yi wata ɗaya ba, wani direba mai suna Hamuda ya zauna a gindin darbejiya ya ce, "Ya Hajja, shayi da madara. Ashe shahararriya ce ke kika ɓoye mana?"

Ya juyo mata da wayarsa. Ta ga kanta, kai a buɗe, a tafin hannun namiji. Ya danna, ta rausaya. Ya sake dannawa.

"Wallahi wannan ba ta gajiya," in ji wani direban. "Hajja, yi mana ta gaske mana, mu ga wadda ta fi iyawa."

Ba mugaye ba ne. Sun shekara da shekaru suna shan shayinta, wasu har ta je sunan 'ya'yansu. Dariya kawai suke yi. Washegari wasu suka zo, ba shayi ya kawo su ba. Sukan tsaya daga nesa, su dubi waya, su dube ta.

Kwana tara ta jure. A na goma ta aika wa Abdulmun'im ya zo ya ɗauki kaya.

Sai da mota ta sauka daga gada ya iya magana.

"Gwaggo, na goge. Wallahi na goge shi gaba ɗaya."

"Na wayar Hamuda fa?"

Can ya ce, "So na yi a san Jazira. A san ki."

"Kai yaro, wa ya ce maka ina so a san ni, ya walad?"

Suka sauka a unguwarsu, Umbadda. Ya ɗora kujeru a kai, ya bi bayanta cikin layi. A ƙofar gida ya sa ƙafa zai shiga kamar yadda ya saba, sai ta tare hanya.

"Ajiye a nan."

Ya ajiye.

"Tasha dai ba zan koma ba, khalas, an gama. Kai kuma, daga yau in ka zo, ka yi sallama daga waje, ka jira in rufe kaina, kamar kowane baƙo."

Ta shiga, ta rufe ƙofa.

Mai karatu, fuskar mutum da muryarsa nasa ne, ko da shi ya raine ka. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, domin abin da ya bar wayarka ba ka da ikon dawo da shi.